Ga ƙanwata da ta ce ta gaji da rage ƙiba

Assalamu alaikum. Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, sannu kuma da haƙuri. Na karanta abin da kika rubuto. Kin fara daga kilo 112, yau wata takwas kina fama, kin sauke kilo 9, amma wata biyu ke nan cur sikeli ya kafe a 103. Kin ce duk sanda kika tuna saura wajen kilo 30 sai gwiwarki ta yi sanyi, har kulle kanki kike yi a ɗaki ki sha kuka, kuma kina tambaya ko ki haƙura da abin gaba ɗaya, ko ki sayi shayin nan na rage ƙiba da ake ta tallarsa a waya. Ni ba likita ba ce. Mace ce ni da ta tara jiki bayan haihuwa, hawan jini ya sa ta a gaba, ta yi shekaru a kan wannan hanya a nan Jos, kuma har gobe ina kai.

Shawarata ita ce kada ki daina, kada kuma ki ƙara takura wa kanki. Ki tsaya a inda kike na wasu makonni, ki riƙe 103 ɗin nan gam, hankalinki ya dawo jikinki, sannan a ɗora. Ba a cika gaya mana cewa wannan ma yana cikin aikin ba.

Bari mu fara da lissafi, don na lura kin raina abin da ke hannunki. Kilo 9 daga cikin 112 kashi 8 ne cikin 100 na nauyinki. Likitoci sun daɗe suna cewa idan mutum ya sauke kashi 5 zuwa 10 na nauyinsa, ana ganin sauƙi a hawan jini da sukari da kitsen da ke cikin jini. Akwai wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutum sama da 3,000 da ciwon sukari ke gab da kama su. Abin da aka nema daga wani rukuni nasu bai wuce su sauke kashi 7 na nauyinsu ba, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. A cikin kusan shekara uku, kamuwa da ciwon a tsakaninsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, fiye ma da waɗanda aka ba wa metformin, maganin ciwon sukari. Ke fa kin riga kin haye kashi 7 ɗin nan. Kina ta kallon 30 da ba su zo ba, alhali 9 da suka tafi sun riga sun fara yi wa zuciyarki da gwiwoyinki aiki.

Tsayawar sikeli kuwa ba alamar kin gaza ba ce, kuma ba hannu aka sa miki ba. Kusan duk wanda ya daɗe a wannan harka ya gamu da ita, galibi daga wajen wata shida zuwa sama. A makonnin farko abin yana gudu ne saboda yawancin abin da ke fita ruwa ne: jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka tare da ruwa, da zarar an rage ci sai su fita tare. Kitse ba haka yake ba. Kilo ɗaya nasa yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, shi ya sa ake cewa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da ya dace, kuma yawancinmu ko hakan ba ma samu kowane mako. Sannan jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar yadda yake yi lokacin da yake babba, abincin da ya sauke ki jiya shi ne zai riƙe ki yau. Ga kuma yunwa. A 2011 wasu likitoci a Melbon ta ƙasar Ostareliya sun bi mutanen da suka sauke nauyi, suka tarar ko bayan shekara guda sinadarin da ke tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake kafin su fara, wanda ke sa a ji an ƙoshi kuma ya yi ƙasa. Don haka idan ƙamshin masar maƙwabta ya hana ki sukuni da safe, ba kwaɗayi ne ya yi miki yawa ba. Jikinki ne yake neman abin da ya rasa.

Sikelin ma ki rage hawansa. Tsakanin safe da dare nauyi yana iya bambanta da kilo ɗaya zuwa biyu, daga gishiri, daga ruwa, daga rashin bayan gida, balle idan al'ada ta kusa. Sau ɗaya a mako ya isa, da safe bayan kin zaga, kafin ki sa komai a baki. Ki ari tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugu wata-wata. Akwai lokacin da nawa sikelin ya yi shiru har na fara zargin ya lalace, sai mai ɗinkina ce ta ce min, "Hajiya, awon nan naki na bara ba zai yi ba, sai mun sake." A ƙugu abin yake tafiya ban sani ba.

Yanzu ga inda nake ganin gajiyar take fitowa. A cikin rubutunki na ga ba shinkafa, ba burodi, ba tuwo, ba ci bayan magariba, ruwan lemon tsami da asuba, tsallen igiya, sannan ki dafa wa maigida da yara nasu, ki koma ki dafa naki daban. Haba ƙanwata. Ko mai dako a Farin Gada, idan buhun dankali ya danne masa wuya, sauke shi yake yi ya gyara gammo, ba ƙara wani yake yi a kai ba.

A cikin waɗannan duka, tukunya biyun nan ita ce ta fi cin rai. Ta ci kuɗi, ta ci gas, ta ci lokaci, sannan ta mayar da ke baƙuwa a gidanki: kowa yana ta loma da miyar taushe, ke kina gefe da kokwamba da dafaffen ƙwai kamar wadda aka yi wa horo. Babu mai jure wannan shekara biyu, kuma tafiyar da ke gabanki ta shekaru ce. Ni tukunya ɗaya nake ɗorawa. Abin da na sauya shi ne mai da kuma yadda nake zuba wa kaina. Kwalbar man gyaɗa ba na tuntsura ta a tukunya, cokalin cin abinci nake sawa in auna, domin cokali ɗaya tak na mai yana da kalori wajen 120, man gyaɗa ne ko manja, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Da na fara aunawa na ga abin da ke shiga miyar dage-dage ɗaya, sai da na riƙe baki. Na rage shi kaɗan-kaɗan har ya koma rabi, babu wanda ya ce uffan a gidan. Idan an sauke tuwo, ina tuƙa nasu malmala kamar kullum, tawa in yi ta daidai dunƙulen hannuna, in cika sauran kwanon da miyar ganye da nama ko kifi ko wake. Ranar shinkafa kuma rabin farantina kabeji ne da karas da latas, ko kwaɗon zogale da ƙuli kaɗan.

Mu a Jos ai Allah ya rufa mana asiri ta wannan fuska. Kayan lambun da mutanen Abuja da Legas ke saya da tsada daga nan ake loda musu. Gwate ma, idan ya sha ganye da yalo da wake, abinci ne mai riƙe ciki ba tare da mai ba. Sai dai ki kula da maganar acca. Na ji mata da yawa suna cewa tun da acca ce a ci a more. Abinci ce mai kyau, amma hatsi ce kamar sauran, malmala uku ta tuwon acca malmala uku ce. Haka dankalin turawa: dafaffe daban, wanda ya yi iyo a kaskon suya daban.

To me nake nufi da ki tsaya ki riƙe? Ki ba kanki wata ɗaya, ko wata ɗaya da rabi, wanda burinki a cikinsa ba saukewa ba ne, kada dai ki hau. Ki dawo da abincin gidanku a ma'aunin da na faɗa. Daga cikin dokokin nan naki ki zaɓi biyu ko uku da kika san ko ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi za ki iya su. Da ni ce, zan riƙe barin lemon kwalba da zoɓo da kunun aya masu sukari, auna mai, da tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙara wa ci da sha kada ya wuce wajen giram 50 a yini ga babban mutum, kusan ƙaramin cokali 12, kuma ki duba bayan robar lemo ɗaya ki ga yadda take lashe mafi yawan wannan kason. Sauran dokokin ki sallame su. Idan kin ga kilo ɗaya ya ƙaru a makon farko, ruwa ne ya dawo tare da tuwon, kada ya tayar miki da hankali. Amfanin wannan hutun shi ne kina koyon abin da za ki yi ne har ƙarshen rayuwa, domin ko kin sauke 30 ɗin kin kai kilo 73, riƙewar ce aikin da zai rage miki. Idan kin ji kin warware, sai ki sa 98 a gaba. Ita kaɗai.

Tsallen igiya a nauyin nan ban so miki ba, gwiwa da idon sawu ne ke biya. Tafiya ta fi. Minti 30 sau biyar a mako shi ne minti 150 ɗin da ake magana, kuma garin nan tudu da gangare ne, ba sai kin nemi injin gudu ba. Lokacin hunturu kada ki ce sai da asuba, sanyin Disamba da Janairu zai kayar da niyyar a mako guda. Ki fita bayan la'asar, ko ki sauka daga keke tun kafin ki iso Terminus ki ƙarasa a ƙafa. In kin samu maƙwabciya ku jera, ya fi ɗorewa, don ranar da ke ba ki so ita za ta buga miki ƙofa. Barci kuma ba wasa ba ne: wadda ta kwana tana latsa waya sai ta wuni tana neman abin zaƙi.

Sai bakin mutane, wanda kika taɓo a ƙarshe. Wannan kam na san shi. Mu nan idan mace ta yi jiki a ce hutu ya karɓe ta, idan ta faɗa a fara, "Lafiya kuwa? Ko maigidan ne ba ya kula da ke? Ko amarya za a yi miki?" Waɗanda suka ce kin yi ƙiba jiya su ne za su ce kin lalace gobe. Kada ki tsaya bayanin kalori a gidan suna. Ki ce, "Likita ne ya sa ni, saboda jini," ki wuce. Ban taɓa ganin dattijuwar da ta ja da wannan ba, sai ma ta bi ki da addu'a. A gidan biki kuma ki karɓi farantinki da fara'a, ki ci naman, ki taɓa shinkafar, lemon ki sa a jaka ki kai wa yara. Idan wata rana kin ci har da su cincin da kek, an ci an wuce, washegari ki karya kamar yadda kika saba, ba tare da kin rama da yunwa ba.

Shayin nan kuwa ki riƙe kuɗinki. Da yawansu ganyen filasko ne a ciki ko wani abin da ke sa fitsari. Za ki yi ta zarya bayi, sikeli ya sauka kwana biyu ki yi murna, alhali ruwan jikinki ne da gishirinsa suka tafi, kitsen yana nan daram. Yawan shan irinsu yana kashe wa hanji ƙarfi, ya kuma wahalar da ƙoda. Wanda ba shi da lambar NAFDAC, aka ƙulla shi a leda ba suna ba bayani, wannan ko kyauta ne kada ya shiga cikinki.

Abin da ya fi tsaya min a rai a rubutunki shi ne kukan, ba kilon ba. Idan gajiya ce da takaici, za ki ji sauƙi da zarar kin sassauta. Amma idan kin haura mako biyu zuciya a cunkushe kusan kullum, abin da kike jin daɗinsa a da ya fita ranki, barci ya rikice, ko kina jin rayuwar ma ta ishe ki, to wannan ya wuce batun abinci. Ciwon damuwa ne ake zargi, yana da magani, kuma zuwa asibiti saboda shi ba hauka ba ne. Ki gaya wa maigida ko wata 'yar'uwa da kika yarda da ita, ku je tare, ko JUTH a Lamingo, ko Plateau Specialist, ko duk asibitin da kike da kati. Tun da kin je, ki roƙi a auna miki jini da sukari, a duba tayirod, ƙullin nan na maƙogwaro da ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci, idan kuma al'adarki tana wasa ko gashi yana fito miki a haɓa ki faɗa, don akwai matsalar ƙwan mace da ake kira PCOS da ke sa saukewa ta yi wuya. Ki kwashi duk magungunan da kike sha ki tafi da su a kwalayensu, har da na gargajiya, kuma idan kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku ko kina shan irin su prednisolone, maganin kumburi da asma, ki sanar da likitan, domin suna cikin abubuwan da ke iya ƙara nauyi. Kada dai ki tsayar da ko ɗaya da kanki kafin ya gan ki.