Layin da ke gefen 'yar tsanar rezin: aibi ne, ko haka ake zuba su?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Jidda nake zaune. Na yi odar 'yar tsana mai gaɓoɓi, irin wadda ake kira BJD, mai tsawon santimita 43, launin fatarta mai duhu, daga wani kamfani na Koriya. Sai da na yi wata huɗu ina jira. Da na buɗe kwalin sai na ga wani siririn layi ya bi gefen hannuwanta da cinyoyinta har idon sawu, farce ma yana kama shi. Ƙawata ta ce jabu aka aiko mini, ƙanwata kuma ta ce in samo samfefa in goge kawai. In mayar da ita ne, ko in goge, ko in ƙyale?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki mayar, kuma kada ki ɗora mata samfefa tukuna. Ɗauko butar roba da ke banɗakinki ki duba ta da kyau, za ki ga layi ya taso daga baki ya bi ciki ya sauka gindi. Nan ne ɓari biyu na abin zubi suka haɗu. Na jikin 'yar tsanarki ma asalinsa ke nan. Ana yin abin zubin da silikon, wata roba mai laushi, ɓari biyu, a haɗe su, a tsiyaya ruwan rezin a ciki, wato robar mai tauri da ake yin jikin 'yar tsanar da ita, ya daskare, a buɗe. Komai matsewar haɗin, sai ɗan rezin ya kutsa tsakani. Kowane yanki kuwa, hannu, cinya, ƙwauri, ƙirji, zubinsa daban, shi ya sa layin yake ko'ina. Silikon kuma yana gajiya, bayan an yi zubi da yawa bakinsa yakan saki, layin ya ƙara kauri. Don haka 'yan tsana biyu daga kamfani ɗaya, wata layinta kamar zare, wata kamar bakin farce.

Maganar ƙawarki ba ta tsaya ba. Layi shi kaɗai ba ya nuna jabu. Na asali suna da shi, na jabu ma suna da shi, wani lokaci har masu jabun sun fi gogewa tas don su burge mai saye. Abin da ake dubawa shi ne takardar shaidar kamfani, da kwalin asali, da farantin ƙarfe ko tambarin da wasu kamfanoni ke sawa a murfin kai, wato saman kan da ake iya cirewa, da kuma awo, domin jabu daga jikin ta asali ake kwafo ta, takan ɗan motse ta fi ta asali ƙanƙanta. Wani lokaci akan ga layi biyu kusa da juna, tsohon layin ta asali da sabon na mai kwafi. Tunda kai tsaye kika saya daga kamfanin, wannan damuwar ba taki ba ce.

Masu tara irin waɗannan 'yan tsana ba su taɓa zama baki ɗaya a kan layin nan ba, kuma saɓanin yana da tushe. Kamfanin Volks na Kyoto a Japan ne ya fito da Super Dollfie a 1999, wadda ta buɗe wannan kasuwa. Kafin nan sun yi suna wajen sayar da kayan rezin da mai saye ke haɗawa, ya goge, ya yi wa fenti da kansa. Wanda ya shigo ta wannan ƙofar bai ɗauki layi a matsayin laifi ba, aiki ne da aka bar masa, kamar yadi da aka sayo ba a ɗinka ba. Daga baya kamfanonin Koriya da na Sin suka shigo, wasu suna gogewa kafin su aiko, wasu sai an ƙara musu kuɗi, wasu ba sa taɓawa sam. Sabbin masu saye da suka saba ganin jiki sumul suka fara cewa ai kayan da aka biya wannan kuɗin bai kamata ya zo da saura aiki ba. Suna da gaskiyarsu. Masu ɗaukar hoto su ne layin ya fi damu, don haske in ya faɗo ta gefe sai ya yi wa layin inuwa a dantse ko a wuya. Wadda kuwa kullum 'yar tsanarta na cikin doguwar riga, takan shekara ba ta tuna da shi ba.

Akwai kuma masu sayen na hannu, kuma ra'ayinsu ne ya fi shafar aljihu. Da yawansu sun fi son wadda ba a taɓa ba a kan wadda aka goge a gida, saboda layi ana iya cire shi kowace rana, amma rezin da aka cinye ba ya dawowa. Guga mai kyau ba ta cika ƙara kuɗi ba, mummuna kuwa tana rage shi sosai. Kuma al'adar kasuwar ita ce duk wadda ta goge ta faɗa lokacin sayarwa.

Abin da ya sa na ce ki dakata shi ne launin taki. Farin rezin yana yafe kuskure, mai duhu ba ya yafewa. Fuskar da ta taɓa silikon tana fitowa da wata irin laushin fata, kina karce ta sai ƙananan ƙujewar su riƙa watsa haske, wurin ya yi fari-fari kamar ƙafar da ba a shafa wa mai ba lokacin hunturu. Siririn layin da sai an matso ake gani sai ya koma faffaɗan zane mai haske tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Wani rezin ɗin ma launinsa ya fi kama sama fiye da ciki. Dalilin da ya sa kamfanoni da dama ba sa yarda su goge masu duhu ke nan, ko da an ce za a biya. Haka tsohuwar 'yar tsana fara: rezin yana komawa ruwan ɗorawa da daɗewa, hasken rana da zafi suna gaggauta shi, kuma sama ne ke fara canzawa. A goge layinta bayan shekara uku, sai a tono farin ciki ya fito kamar tsaga. A ƙasa irin wannan, inda rana ke shigowa ta taga da ƙarfinta, wadda za ta goge fara gara ta goge tun tana sabuwa.

Yanzu ga abin da za ki yi. Kashe fitilar ɗaki, ki haska tocilar waya ta gefe, ki bi layin da farce. Idan tudu ne siriri, ɓangarorin biyu kuma daidai suke, lafiya lau. Idan kuwa gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo kamar matakala, abin zubin ne ya goce, kuma samfefa ba ta gyara wannan sai ta ci siffar gaɓar. Wannan, da tsagewa, da ramukan iska a fuska, da tsinin da ke hana gwiwa lanƙwasa, su ne abin kai ƙara. Ɗauki hoto ki aika wa kamfanin da wuri, don wa'adin ƙorafi gajere ne, kuma da zarar kin sa wuƙa ko samfefa kin rufe wa kanki wannan ƙofar.

In layin na yau da kullum ne amma yana kama zaren tufafi, kankare tudun kawai ya isa. Wuƙar tangaran ta masu wannan aiki ta fi dacewa, don kankara take yi, ba ta nutsewa. Ki tsayar da bakinta a kan layin, ki ja ta a hankali, kada ki kwantar da ita kamar mai fere dankali. Faɗin abin da kika taɓa bai wuce milimita ɗaya ba, tabon ma ba zai wuce haka ba. Reza da aska kuwa sukan zame su yi rami.

Idan duk da haka zuciyarki na kan gugar, fara da gwaji a cikin murfin kai ko cikin ƙirji, inda ido ba ya kaiwa. Goge wuri kamar faɗin farce, ki wanke, ki bari ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen rezin yana ɓoye farin. Sai ki duba da hasken rana. In ya yi fari, magana ta ƙare.

In bai yi ba, sai a kwance ta. Igiyar roba ce ke riƙe da gaɓoɓin, maƙale da ƙugiyoyi a kai da hannuwa da ƙafafu, kuma a ɗaure take tam, tana iya fizgar yatsa. Ɗauki hoton yadda take kafin ki kwance, ki ware na dama da na hagu. Samfefar ruwa ake so, wadda masu shago a nan ke kira sanfara, akwai ta a shagunan kayan fentin mota. Nemi lamba 600, 800, 1000 da 1500. Lamba 400 sai in tudun ya yi kauri, ƙasa da haka kuma tana barin karce mai zurfi. Ja fensir a kan layin tukuna, baƙin na ɓacewa ki tsaya. Yanki samfefar ƙanana, ki naɗe a kan soso don ta bi lanƙwasar jiki. In kika danna da yatsa tsirara a wuri ɗaya, cinya mai zagaye za ta yi gefe shafaffe, kuma wannan ya fi layin muni a hoto. Ki riƙa zagayawa ƙanana-ƙanana, kowace lamba ta share karcen wadda ta gabace ta, kina ɗan faɗaɗa wurin. Kada ki zarce 1500, daga nan rezin ya fara sheƙi, sai ki samu layi mai ƙyalli a jiki mara ƙyalli. Ƙwallon gaɓa da ramin da yake zama a ciki kada ki taɓa su. Kaushin nan ne ke sa ta tsaya da ƙafafunta, in ya yi santsi sai gwiwa ta riƙa zamewa. Yatsu kuma sirara ne, ki tallafe kowanne da naki yatsan ta baya.

Ƙurar rezin ba abin shaƙa ba ce. A cikin roba mai ruwa za ki yi aikin, da takunkumin ƙura na gaske irin N95 ko P100, ba na asibiti ba, nesa da kicin da yara, kuma ba a gaban mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba, don zai watsa abin da ya bushe cikin ɗaki. Kin gama, ki wanke da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori, ki share wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ki kusanto da asiton, ruwan goge jan farce, yana lalata rezin.

Feshin rufi mara sheƙi, irin Mr. Super Clear, yana daidaita wurin da aka goge da sauran jiki. A nan ne Jidda take da matsalarta. In laima ta yi yawa feshin yakan bushe fari kamar an barbaɗa gari, a fata mai duhu kuwa nan take ake gani. Wadda ta fito da gaɓoɓin daga ɗaki mai sanyi zuwa kan soro a watan Agusta, raɓa za ta kwanta musu kamar yadda tabarau ke yi, feshin ya hau kan ruwa. Ki jira ranar hunturu da iska ta bushe, ki bar gaɓoɓin su yi rabin awa a waje cikin inuwa, ki girgiza gwangwanin sosai, ki fesa daga nisan santimita 25 zuwa 30, shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu. Shi feshi takunkumin ƙura bai isa ba, sai mai matatar tururin sinadari. Ki fara da tafin ƙafa ɗaya, ki kwatanta shi da ɗayan kafin ki ci gaba.