Tambayoyin Masu Karatu: Hizamun Nari da Kwana Ukun Farko

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata tana da shekara 68 kuma tana fama da ciwon sukari. Kwana biyu da dawowarmu daga ziyarar Madina ta fara kukan haƙarƙarinta na dama yana zugi kamar an ɗora mata garwashi, muka ɗauka gajiyar mota ce, muka yi ta shafa mata man zafi. Daga baya ƙuraje masu ruwa suka feso a jere, tun daga gadon baya har ƙirji, a gefe ɗaya kawai. Wata maƙwabciya ta ce shafar iska ce, muka kwaɓa lalle muka shafa. Sai da ƙurajen suka kwana shida muka je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka ce hizamun nari ne. Yau wata uku ke nan, ƙurajen sun warke amma ko riga ba ta son ta taɓa wurin. Wace irin cuta ce wannan, kuma zafin zai tafi kuwa? Daga wata 'yar'uwa a Hindawiyya, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi.

Abin da Larabawa ke kira hizamun nari, wato ɗamarar wuta, ba sabuwar cuta ce ta kama Hajiya a hanyar Madina ba. Ƙwayar cutar ƙarambau ce, wanda a nan Saudiyya ake kira angaz, da ta shiga jikinta tun tana ƙarama. Idan ƙarambau ya warke ƙwayar ba ta fita daga jiki, sai ta laɓe a tushen jijiyoyin da ke kusa da laka, ta yi shekara hamsin ko sittin ba ta motsa ba. Ranar da garkuwar jiki ta yi sanyi saboda tsufa, ko ciwon sukari, ko wata jinya, ko magungunan da ke danne garkuwa, sai ta farka ta bi jijiya guda ɗaya har ta ɓullo a fata. Shi ya sa kika ga ƙurajen sun yi layi a gefe ɗaya ba su tsallaka tsakiyar jiki ba, shi ya sa kuma zugin ya riga ƙurajen zuwa, domin jijiyar ce ta fara ƙonewa tun fata ba ta nuna komai ba. Ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku zai gamu da wannan ciwo a rayuwarsa.

Ba don in ƙara miki damuwa ba, amma dole in tsaya a kan kwana shidan nan, saboda dubban masu karanta wannan shafi suna da tsofaffi a gida. Akwai magungunan da ke hana ƙwayar hayayyafa, kuma amfaninsu ya fi yawa idan an fara su cikin awa 72 da fitowar ƙuraje. Uku ne sanannu: asaikulobir, wanda aka fi sani da Zovirax, ana shan miligiram 800 sau biyar a rana; balasaikulobir, wato Valtrex, miligiram 1000 sau uku a rana; da famsaikulobir, miligiram 500 sau uku a rana, yawanci na kwana bakwai. Suna rage yawan ƙuraje, suna gaggauta bushewarsu, suna sassauta zafin farko. Na kawo ma'aunin ne don ku gane abin da aka rubuta muku, ba don a je saidaliyya, wato kantin magani, a saya ba, domin mai raunin ƙoda ana rage masa ma'auni, kuma raunin ƙoda ba baƙo ba ne ga tsoho mai ciwon sukari. Mai shansu ya yawaita shan ruwa, musamman a zafin Makka. Idan kwana ukun sun wuce, a je duk da haka, domin muddin sababbin ƙuraje na fitowa likita yana iya ba da maganin.

Addu'a da ruƙya ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su a rana ɗaya. Abin da nake roƙo a bari shi ne shafa lalle, ko man goge baki, ko toka, ko man da ke ɗauke da kotizon a kan ƙurajen da suka fashe, domin hakan yana jawo ruɓa, kuma rauni a jikin mai sukari ba ya saurin rufewa. A wanke wurin da ruwa mai tsabta, a ɗora ƙyalle mai sanyi, a rufe shi da sutura marar matsi. Ruwan ƙurajen yana iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙarambau ba ƙarambau, don haka a nisanta mai juna biyu da jariri da mai raunin garkuwa har sai sun bushe sun yi ɓawo, abin da kan ɗauki kwana bakwai zuwa goma.

Zafin da ya rage wa Hajiya kuwa ciwon jijiya ne da ke biyo bayan ƙurajen, kuma yana samun kimanin mutum 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi cutar, ya fi tsananta ga tsofaffi. Na taɓa duba wani dattijo da ya shigo yana riƙe da gefen jallabiyarsa da yatsu biyu, ya janye ta daga jikinsa, ya ce iskar na'urar sanyaya ɗaki ma ji yake kamar reza. 'Ya'yansa sun fara zargin raki ne, tun da fatar ta warke sumul. Ba raki ba ne, jijiyar ce ta lalace take aika saƙon zafi a kan taɓawar da ba ta kai ta kawo ba. Farasitamol shi kaɗai ba ya isa a nan. Akwai gabafentin da firegabalin da amitiriftilin, akwai kuma filastar lidoken da ake mannawa a wurin. Ana fara ƙwayoyin shan da kaɗan a riƙa ƙarawa, saboda suna sa jiri da barci, tsoho kuma yana iya faɗuwa a banɗaki. Firegabalin, wato Lyrica, yana cikin magungunan da hukuma ke sa wa ido sosai a Saudiyya, don haka kada ku karɓi na wani. A wajen yawancin mutane zafin yana raguwa sannu a hankali cikin watanni, wasu kuma yakan kai su shekara ko fiye. Ki mayar da Hajiya ga likita, ki gaya masa a fili cewa ba ta barci, idan ya kama a tura ta sashen masu kula da ciwon jijiya.

Abu ɗaya da ba ya jiran wayewar gari: idan ƙurajen suka fito a goshi, ko fatar ido, ko kan hanci, ido yana cikin haɗari, a nemi likitan ido a ranar. Haka nan idan suka fito a kunne tare da karkacewar baki.

Tambaya: Likita, ni direba ne a Jidda, shekarata 54, lafiyata ƙalau. Na ji ana maganar allurar rigakafin hizamun nari. Ban tuna na taɓa yin ƙarambau ba, to ina ruwana da ita? Kuma an ce tana kwantar da mutum. Daga wani mai karatu a unguwar Sabil.

Amsa: Malam, rashin tunawa ba hujja ba ce. Kusan duk wanda ya tashi a ƙasashenmu kafin zuwan rigakafin ƙarambau ya yi shi, wani ma ƙuraje biyar ne suka fito masa yana goye, uwarsa ta ɗauka ƙurajen zafi ne. Shi ya sa ba a buƙatar gwajin jini kafin a yi wa ɗan shekara 50 allurar.

Allurar da ake yi yanzu sunanta Shingrix, an amince da ita a Amurka a 2017. Ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, wani ɗan yanki ne na rigar ƙwayar aka haɗa da sinadarin da ke zaburar da garkuwa, don haka ba za ta sa maka cutar ba. A gwajin da aka yi ta kare kimanin kashi 97 cikin 100 na masu shekara 50 zuwa 69, da kimanin kashi 91 na waɗanda suka kai 70. Tsohuwar allurar, Zostavax, wadda ta fito a 2006, kusan rabi kawai take karewa, kuma an daina amfani da ita a Amurka a 2020. Sau biyu ake yin Shingrix a dantse, tsakaninsu wata biyu zuwa shida, kuma ta biyun ce mutane ke mantawa da ita. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya tana ba da ita ga masu shekara 50 zuwa sama, da masu raunin garkuwa daga shekara 18, ana neman lokaci ta manhajar Sehhaty. Ka kira 937, lambar wayar ma'aikatar, ko ka je cibiyar lafiyar unguwarku da iƙamarka, wato katin izinin zamanka, su gaya maka tsarin da ya shafe ka da inshorarka.

Maganar kwantarwa akwai gaskiya a ciki. Hannu yana ciwo, wasu su ji kasala da ciwon kai da ɗan zazzaɓi na kwana biyu ko uku, kuma kusan mutum ɗaya cikin shida ba ya iya aikinsa a waɗannan kwanaki. Tun da tuƙi ne sana'arka, ka yi ta ranar Alhamis da yamma ko jajibirin hutunka, kada ka yi ta kana shirin doguwar tafiya. Ni dai a ganina kasalar kwana biyu ba ta kai ko kusa da halin da mahaifiyar mai tambaya ta farko take ciki ba. Ita ma Hajiyar ya kamata a yi mata idan ta samu sauƙi, domin cutar tana iya dawowa.

Tambaya: Wata mai sayar da kayan ƙarin lafiya ta WhatsApp ta ce idan ina shan bitamin B12 da zinki da man habbatus sauda ba na buƙatar allura. Haka ne? Daga wata uwa a Riyad.

Amsa: Ba haka ba ne, Hajiya. Babu wani bitamin ko ƙarin abinci da bincike ya tabbatar yana hana hizamun nari ko yana maye gurbin maganin kwana bakwai, har da ƙwayar ƙarin abinci ta laisin da ake yawan tallatawa. Idan gwajin jini ya nuna kina da ƙarancin bitamin D, wanda ya yawaita a nan saboda zaman cikin gida, ko ƙarancin B12, wanda kan samu masu shan maganin sukari na metfomin shekara da shekaru, to a cike giɓin bisa shawarar likita. Zuma da habbatus sauda ki ci gaba da ci a matsayin abinci, sai dai mai sukari ya lura da zumar. Ki kuma kiyayi ƙwayoyin da ke ɗauke da bitamin B6 mai yawa, domin daɗewa ana shansa fiye da ƙima shi kansa yana lalata jijiya. Ki ɗauki kwalaben da aka sayar miki ki nuna wa likita ko mai saidaliyya a karanta abin da ke ciki, idan kuma kin kai shekara 50 ki nemi lokacin allurarki a wannan zuwan.