Kafin ka sa hannu a gwajin maganin kitsen hanta

Tambaya: Barista, ina da ciwon suga, kuma hoton ciki ya nuna kitse ya taru a hantata. Likita ya ce in ina so a sa ni cikin gwajin wani sabon magani kyauta, har da kuɗin mota daga Ƙauran Namoda zuwa Gusau. In na ƙi, za su daina duba ni? In maganin ya cutar da ni fa?

Amsa: Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Ƙin shiga haƙƙinka ne, kuma ba ya hana a ci gaba da duba ka. Sashe na 32 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce ba a gwaji a kan mutum sai ya amince a rubuce, bayan an bayyana masa manufar gwajin da amfani ko illar da zai iya yi masa. Ko ka sa hannu, kana iya janyewa duk ranar da ka ga dama.

Ka nemi su nuna maka izinin NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wato kwamitin da ke kare haƙƙin waɗanda ake gwaji a kansu. Mutanen Arewa ba su manta da Kano a 1996 ba, lokacin da kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, aka yi ta shari'a kafin a kai ga sulhu a 2009.

Inda na fi so ka natsu shi ne maganar diyya. Gwajin kitsen hanta sau da yawa sai an tsinko 'yar tsokar hanta da allura, abin da kan iya jawo zubar jini, kuma ana iya sa ka cikin rukunin da ake ba ƙwayar da babu magani a cikinta. To, in an samu matsala, wa zai biya kuɗin jinya? Akwai inshora? Kada ka yarda da alƙawarin baki, sai ka ga amsar a takarda. In ka ga inda aka ce ka yafe haƙƙin kai ƙara, ajiye biro ka nemi lauya. A karanta maka takardar da Hausa a gaban wanda ka amince da shi, ka kuma karɓi kwafinka.

In an cutar da kai, kai kuka ga kwamitin da ya amince da gwajin, sannan ka ga lauya da wuri, domin in ma'aikacin gwamnati za ka kai ƙara, doka kan taƙaita lokacin shigar da ita ga wata 3 kacal.