Ka fara da wutsiya tukuna

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko ka yi odar kit ɗin RV ɗin, wato sassan ƙaramin jirgin sama da mutum ke harhaɗawa da kansa, gaba ɗaya lokaci guda, ko ka riƙa saye kashi-kashi. Ni dai shawarata ka sayi kit ɗin wutsiya kaɗai tukuna. Kamfanin Van's da ke Oregon a Amurka, masu yin RV ɗin, dama haka suke sayarwa, wutsiya daban, fukafukai daban, gangar jiki daban, sannan kayan ƙarasawa, inji kuma shi ne ƙarshe don babu amfanin ka kashe kuɗi mai yawa ka ajiye shi shekaru yana tsatsa a gareji.

Dalili kuwa a wutsiyar nan ne hannunka zai faɗa da buga ribit, wato ƙananan ƙusoshin da ake haɗa fallayen alminiyon da su, kuma wallahi sai ka ɓata wasu, ni da na fara nawa sai da na huda na cire sun fi a ƙirga, har na lanƙwasa falle ɗaya na alminiyon na sake saye, da a fiffike ne abin ya faru da kuɗin ya fi haka nesa ba kusa ba. A nan kuma za ka gane ko kana da haƙurin aikin, don dubban ribit ne ke jiranka a gaba. Ka riƙa ɗaukar hoton kowane mataki kana rubuta kwanan wata, domin idan a Amurka za ka yi rajista hukumar FAA mai kula da harkar jiragen sama sai ta ga shaidar cewa fiye da rabin aikin hannun magini ne kafin ta ba ka takardar tashi.