Amsa ga ƙanenmu mai son fara jigilar motoci daga Tema

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru, don kamar ni na rubuta ta 'yan shekarun baya. Ka ce ka tara 'yan kuɗinka, kana da lasin C, kana son sayen motar ɗaukar motoci ka riƙa kwaso su daga Tema, tashar jirgin ruwan Ghana, zuwa nan Kumasi, amma ka rasa ta inda za ka fara. Haka na shigo harkar nan, da zafin kai da kuɗin gumina a hannu, ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya.

Don Allah kada ka sayi mota yanzu. Lasin C ba ya jan babbar tirela, wannan aikin lasin F ne, kuma sai ka bi ta D kafin DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi, ta ba ka shi. Kafin nan ka nemi direban da ya daɗe a hanyar ka bi shi ko na wata shida ne, ka yi yaron mota, ba abin kunya ba ne. A nan za ka koyi ɗauri. Kowace taya da igiyarta, kuma duk yadda ka ja ta a Tema, ka tsaya wajen Nsawam ka sake ja, don girgizar hanya tana sassauta ta.

Amma ni ba ɗauri ya kayar da ni ba, mutum ne. A 2022 ina riƙe da ƙaramar mota mai ɗaukar biyu, irin yarjejeniyar nan ta yi aiki ka biya, kowane mako ina kai wa mai ita kuɗi. Wani dillalin motoci ya kira ni, dattijo ne da muke sahu ɗaya a masallaci, tun ina yaro nake durƙusawa in gaishe shi. Ya ce in ɗauko masa motoci biyu, irin waɗanda suka yi hatsari a Amurka aka saya a gwanjo. Ejan, mai fito da kaya daga tashar, bai gama da kwastan ba sai bayan magariba, ga ruwan sama, ga shi yana ta azalzala ta in yi sauri. Na ja su da winci na ɗaure, ban haska ko tocila ba. Me zan duba? Kayan Baba Alhaji ne.

Da asuba na isa garejinsa, ban runtsa ba. Ya zagaya motar farko bai ce komai ba. Ya zagaya ta biyu, ya tsaya, ya ce ina madubin gefe, ina rediyon ciki, wa ya fasa fitilar nan? Na ce Baba, haka na ɗauko ta. Ya ɗaga murya a gaban yaran gareji, yaran da na girme su, ya ce ɓarawo, ka tsaya a hanya ka kwance ka sayar. Ɓarawo! Wallahi har yau in na tuna kalmar nan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa, ya ce ba ya bukata. Ya kira 'yan sanda, na kwana a bayan kanta. Tsohuwata ta zo daga Aboabo da ƙafarta mai ciwo, ta durƙusa a gaban mutumin nan tana ba shi haƙuri kan abin da ban yi ba, shi kuwa yana danna wayarsa, ko kallon ta bai yi ba. Wannan durƙuson ne ban iya mantawa, ya fi mini kwanan ciwo. An sasanta a kan in biya kayan, kuɗin jigilar kuma ya riƙe. Lokacin ne sidi yake ta faɗuwa, litar dizal ta haura sidi 20. Mako uku na kasa kai kuɗi, mai mota ya karɓe abarsa, duk abin da na zuba ya tafi.

Bayan wata biyu wani yaron garejin ya tare ni a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya sa lambar shasin motar a intanet, sai ga hotunanta na wurin gwanjo. Fitilar a fashe tun can, madubin babu. Alhaji kuwa da waɗannan hotuna ya sayi motar, ya sani sarai. Na kai masa, ya ce magana ta wuce. Har gobe muna haɗuwa a masallaci, ina gaishe shi don tsohuwa ta ce in bar wa Allah.

Shi ya sa nake roƙon ka, ko motar mahaifinka ce, kada ta hau bayan motarka sai ka yi mata bidiyo ciki da waje, da lambar shasi, da yawan makullai, ka tura wa mai ita ta WhatsApp ya amsa kafin ka tayar. In dare ya yi, ka jira gari ya waye, ejan ya yi ta fushinsa. Rabin kuɗi kuma ya shigo ta momo, wato turin kuɗi ta waya, kafin ka bar Tema. Ka tambayi kamfanin inshora kan wadda ke rufe kayan da ka ɗauko, don ƙaramar inshorar da yawancinmu ke liƙawa a gilashi ba ruwanta da motar da ke bayanka.

Ka kuma san masu ba ka aiki. Mota mai lafiya sau da yawa lambar DP ake sa mata, ta wucin gadi don fita daga tashar, a ba wani yaro ya tuƙo ta da arha. Abin da ke zuwa hannunmu mafi yawa masu hatsari ne da ba sa tashi, ko masu tsadar da mai su ba ya son su taka hanya. Saboda haka winci mai ƙarfi ya fi maka fenti mai kyau. Kuma kada ka yi lissafin tafiya ɗaya, kusan kilomita 250 ne tsakanin Accra da Kumasi, in ka gangara wayam man ya cinye ribar. Ka saba da makanikan Magazine, su ke sanin motar da za a mayar Accra. Maganar iyakar Paga da kayan Burkina ka ajiye ta tukuna, takardunta daban ne.

Barci kuma, ƙanena. Na ga abin da ya yi wa mutane tsakanin Nkawkaw da Konongo. Kada wani ya ba ka ƙwaya ya ce za ta riƙe maka ido. Ka faka, ka yi sallah, ka kwanta ko awa biyu.

Yanzu tuƙi nake wa wani bawan Allah, alhamdu lillahi ana ci ana sha, ina sake tari a hankali. Abu ɗaya ba ka faɗa ba: kuɗin nan duka naka ne, ko akwai bashi a ciki? Ka amsa mini ta akwatin saƙo. In kana gari ranar Juma'a mu haɗu bayan masallaci, in kai ka wurin maigidana, yana neman yaron mota.