Amsoshin tambayoyi: da me za a wanke cikin bindiga?

Wani mafarauci daga Mirya ya rubuto: "Malam, barka da aiki. Bindigata harbi-ka-ruga ce, gadon mahaifina. Duk na dawo daga daji sai in zuba mata man inji, amma tsatsa sai ƙaruwa take, ga wani baƙin danƙo da ya liƙe a ciki. Wane mai zan saya?"

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Kada ka sayi kome tukuna, ka ɗora ruwa a wuta. Albarushin da ake ɗura wa irin bindigarka, in ya ƙone, toka yake bari mai gishiri, gishirin kuwa janyo laimar iska yake ya ci ƙarfe. Mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. Danƙon da kake gani tokar ce ta cakuɗe da man injin. Ruwan zafi da ɗan sabulu, tsumma a kan sandar ɗuri, ka yi ta gogawa kana canja ruwa har ya fito fari. Ka tabbata ƙaramar kafar da wuta ke shiga ita ma ta buɗe. Zafin ruwan zai taimaka ƙarfen ya bushe da wuri. Ka bi da busasshen tsumma, sannan mai kaɗan. A yi wannan ranar da aka yi harbi, ba kashegari ba, balle da damina. Damagaram ta san albarushi tun zamanin Sarki Tanimu, lokacin da ake ƙera igwa a nan garin, kuma abin da ke wanke tokarsa bai canja ba.

In kana son abin kanti, nemi man bindiga mai suna Ballistol. A Jamus aka haɗa shi a 1904 domin sojojinsu, kuma yana gauraya da ruwa ya zama fari kamar nono, shi ya sa ya dace da albarushi. In babu, kitsen tunkiya marar gishiri da aka narka da kakin zuma ya fi man inji nesa ba kusa ba.

Na biyu daga Zengu yake, mai bindiga baki biyu, lamba 12 (ma'aunin faɗin bututunta ke nan), da takardar izininta. Yana tambaya ko man feshin nan WD-40 da ya gani a Kasuwar Dole ya isa shi kaɗai.

Bai isa ba, Alhaji. An yi shi a Amurka a 1953 don ya kori ruwa daga jikin ƙarfe, kuma a nan ya ƙware: in ruwan sama ya same ka a daji, fesa. Amma siriri ne, ba ya daɗewa. Harsashin kanti dauɗarsa dabam ce: baƙin hayaƙi, dalma, da robar da ke tura ƙwayoyin. Wankewa aiki ɗaya ne, shafa mai aiki na biyu. Don wanki, Hoppe's No. 9, wanda ake yi tun 1903, ya yi suna, in wani mai zuwa Kano ko Yamai ya samo maka. In bai samu ba, kananzir da burushin tagulla suna yin aikin: jiƙa, bar shi minti goma, goge, maimaita har tsumma ya fito da haske. Don shafawa, man keken ɗinki ya wadatar. Ka shigar da sanda ta wajen da harsashi ke shiga.

Ga inda nake so kowa ya tsaya. Mutanenmu na ɗaukar yawan mai a matsayin kulawa, alhali a ƙasarmu, daga hunturu zuwa bazara, ƙura ce abokiyar gaba. Mai ya kama rairayi, su biyun su riƙa cin ƙarfe duk lokacin da aka buɗe aka rufe. Ɗigo biyu a tsumma ya isa bututu guda. Kafin harbi kuma a zura busasshen tsumma, a ɗaga bututun a leƙa haske ta ciki, bayan an tabbata babu harsashi. Guntun tsumma da aka manta, ko gidan zanzaro, na iya fasa bindiga a fuskar mai ita.

Wata baiwar Allah daga Magarya ta ce maigidanta da man gyaɗa yake shafa tasa, wani lokaci ya wanke da fetur a tsakar gida.

Hajiya, kin yi daidai da kika damu. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo har kunama ta ƙi motsi. Fetur kuwa ko tururinsa ma na kama wuta daga murhu. Ki lallashe shi ya koma kananzir, a waje, nesa da wuta da yara, ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, saboda dalma guba ce.