Hukuncin Surar Alade a Katun, Tatsuniya da Kayan Wasan Yara

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Ya'yana suna kallon katun ɗin Peppa Pig, wanda jarumarsa 'yar alade ce, kuma an ba ƙaramarsu kyautar asusu mai siffar alade. Shin haramcin alade ya shafi waɗannan abubuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, abin da Alƙur'ani ya haramta a Baƙara aya ta 173, da Ma'ida aya ta 3, da An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115, shi ne cin naman alade, sannan hadisin Jabir a Bukhari da Muslim ya haramta cinikinsa. Ganin surarsa ko ambatonsa a labari bai shiga wannan hani ba. Malikiyya suna ganin duk mai rai mai tsarki ne, har da alade, su kuwa Shafi'iyya da suka ce najasa ne, a jikin dabbar suka tsayar da najasar, ba ta bin tawada ko roba, saboda haka yaron da ya taɓa hoton ba ya bukatar wanke hannu. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi Isa (AS) ya gamu da alade a hanya, ya ce masa ya wuce lafiya, da aka yi mamaki sai ya ce yana tsoron sabar wa harshensa mummunar magana. Na kawo wannan ne domin iyaye da yawa suna koya wa yara tsine wa dabbar, alhali halittar Allah ce da aka hana mu cinta.

Surar alade tana bin hukuncin surar kowace dabba. A mazhabar Malik, zanen da ba shi da inuwa, kamar na takarda, bai kai haram ba, haramcin yana kan mutum-mutumi mai cikakkun gaɓoɓi. An yi rangwame ga kayan wasan yara, domin Nana A'isha (RA) ta yi wasa da 'yartsana, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga doki mai fikafikai a cikin kayan wasanta, ya yi dariya bai hana ba. Idan asusun abin wasa ne a hannun yarinya, yana cikin rangwamen, idan kuwa an girke shi don ado, hukuncin mutum-mutumi ya hau kansa, ko da siffar rago ce. Na fi son a musanya shi da wanda ba shi da siffar mai rai.

Wurin da haɗarin yake shi ne aƙida. A lissafin taurari na ƙasar Sin, inda kowace shekara take da dabbar da ake jingina mata, alade ne na goma sha biyu cikin dabbobin, ana danganta masa arziki, a Jamus ma ana ba da ɗan alade a sabuwar shekara don neman sa'a. Ajiye surar da wannan niyya, ko gaskata cewa shekarar haihuwa tana yanke rabon mutum, haramun ne, domin ya taɓa tauhidi.

Katun da tatsuniya kuwa, abin da suke koyarwa ake dubawa. Ki zauna ki kalla tare da su, in kin ga raina iyaye ko rashin kunya ki hana, in babu, kallon ya halatta gwargwadon da ba zai cinye lokacin salla da karatu ba, kuma ki sanar da su tun yanzu cewa Musulmi ba ya cin wannan dabba.

Allah ne mafi sani.